Katuna Biyu da Farar Rigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da surukina ya buɗe sabon ofishinsa a unguwar Goudji. Ko na so in manta ma dangin matata ba za su bari ba, don har yau in aka taru wurin suna ko ɗaurin aure, da na zauna sai in ga wani ya miƙa hannu a hankali ya matsar da abin sha daga inda hannuna zai kai.  Matsarwa kawai ake yi, a ci gaba da hira.

Bari in fara da kaina, don ka san wanda ake yi wa wannan. Ni haifaffen N'Djamena ne. Kakana ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, ya iso bakin kogin Shari ya tsaya neman guzuri, neman guzuri ya zama aure, aure ya zama mu. Hausarmu ta gida ta sha Larabci ta ƙoshi, inda ya rage kuma Faransanci ya cike. Na karanta ilimin kwamfuta, da takardata da komai, amma aikin da na samu shi ne koyar da kwamfutar a wata makaranta mai zaman kanta, irin koyarwar da ake biya da awa (in ɗalibai suka tafi hutu, aljihunka ma sai ya bi su). Muna haya a unguwar Habbena, ni da matata Zulai da 'yarmu Ummi, a lokacin kuma Zulai na da tsohon ciki.

Surukina, Alhaji Mutari, Bakane ne da kasuwanci ya kawo Chadi, Chadi kuma ta karɓe shi. Manyan motoci gare shi masu ɗauko kaya ta Kuseri, garin Kamaru da ke tsallaken gada, da katafaren sito a unguwar Toukra. Tun farko bai so aurena da Zulai ba, Hajiya mahaifiyarta ce ta tsaya. Bai taɓa zagina ba, in faɗi gaskiya. Sai dai in na durƙusa na gaishe shi yakan amsa yana kallon wayarsa, in kuwa Sanusi ne ya shigo sai a ajiye wayar. Sanusi shi ne mijin yayar Zulai, shi ma Bakane, yana shigo da tayoyi daga Dubai, kuma ya ɗora wa kansa aikin gyara min Hausa a gaban mutane, kyauta.

To, a wani zuwa da Alhaji ya yi Dubai aka shigar da shi wani ofishi, ya ga bango guda cike da allunan kwamfuta, ekran kamar yadda muke cewa a nan, mutum ɗaya na zaune yana kallon motocinsa duk inda suke. Ya dawo da abin a rai. Yana son ekran shida a bangon sabon ofishinsa, ɗaya taswira mai nuna inda kowace mota take, sauran kyamarorin sito da na ƙofa, kuma duka daga kwamfuta ɗaya, yana zaune yana jan linzamin kwamfutar daga wannan zuwa wancan. Zulai ta je wurin Hajiya, Hajiya ta je wurin Alhaji, aka yi ta kai-kawo, daga ƙarshe aka ce a ba "malamin nan" ya gwada. In abu ya yi kyau ni zan riƙe duk harkar kwamfutocin kamfanin, da albashi duk wata, hutu ko ba hutu. Ranar da Zulai ta kawo min labarin har rawa ta taka da cikinta, ta fara maganar gida mai fili da za mu koma.

Aikin ba wani abu ba ne a wurina, kuma ina so ka riƙe wannan, don shi ya fi ci min rai. An ce rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa da sanina na shiga duhun. Cikin kwamfuta akwai wani kati da ke tura hoto zuwa ekran, kart girafik muke ce masa. Mai ekran ɗaya ko biyu ba ya ma tunawa da shi. Amma in za ka haɗa shida dole ka zauna ka yi zaɓi, kuma tambayoyin ba su da yawa: kafa nawa katin yake da su na soka waya, wace irin waya ekran ɗinka ke karɓa, wutar da katin ke ja, da zafin da yake fitarwa. A garin da a watan Afrilu ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana, wuta kuma tana zuwa ne kamar baƙuwa, biyun ƙarshen su ne manya. Taswira da kyamara ba sa neman wani ƙarfi. Akwai wasu ƙananan katuna da aka yi don ofisoshi, sirara, ba ado, kowanne da kafa huɗu, wutar da suke ja ba ta fi ta ƙwan fitila ba. Biyu sun ishi ekran shida har da rara. Su na samo a babbar kasuwa, na sa a leda, na hau klando (acaɓa ke nan) zuwa gidan Alhaji don ya sa albarka.

Na tarar da shi a falo shi da Sanusi suna shan shayi. Na durƙusa na gaishe su, na fito da katunan na fara bayani. Alhaji ya karɓi ɗaya ya ɗora a tafin hannu yana jinjinawa kamar mai tayin kaza. Ya juya shi, ya sake jinjinawa.

"Wannan ne zai ɗauki talabijin shida?"

Na ce su biyu ne, Baba, kowanne zai iya huɗu.

Sanusi ya miƙa hannu ya karɓa, ya ɗaga shi wajen haske, ya ce shi da ya ga na buɗe leda ya ɗauka biskit na kawo wa Alhaji na shan shayi. Ya ce a Dubai ya ga abin da idonsa, katin da ake sa wa irin wannan aiki ya kai tsawon kamu, da fankoki uku a jiki, yana walƙiya. Sannan ya juya ya ce wa Alhaji, wai shi mai tausayi, kada a ga laifina, kowa yana sayen abu ne daidai da abin da idonsa ya saba gani.

Alhaji bai yi dariya a fili ba, kafaɗunsa ne kawai suka motsa. Ya karɓi katin ya ajiye a gefen faranti ya ce, "Malam, ni ban ce ka tausaya wa aljihuna ba. Baƙi za su zo. Ka nemo abin da in an gani za a san an yi aiki."

Amsar tana bakina. Na san katin da Sanusi ke nufi, na masu wasan kwamfuta ne, an yi shi don harbe-harbe da tseren motoci, ba don kallon buhunan sukari a sito ba. 'Yar gajeruwar magana ta isa in warware komai. Amma ina durƙushe a kan kafet gaban mahaifin matata, ga kalmar biskit tana yawo a falon. Wa ya taɓa musu da suruki a durƙushe? Na ce, "To, Baba." Na tattara katunana na mayar leda, Sanusi na tuna min kada in manta ɗaya a faranti wani ya tsoma a shayi.

A gida na ba Zulai labari, na rage wasu wurare. Ta saurara tana tsince shinkafa, sannan ta yi min tambaya ɗaya, wai tsakanina da Baba wa ya karanta kwamfuta. Na ce ba maganar karatu ba ce, maganar daraja ce, mata ba za su gane ba (eh, haka na ce, da bakina). Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Washegari na koma shagon Abakar, wanda ya sayar min da ƙananan. Abakar ɗan kasuwa ne na gaske, in ka ce masa rana daga yamma take fitowa zai ce shi ma ya lura. Jiya ya yaba min zaɓina, yau da na ce manya nake so sai ya ce dama ya san mutum irina ba zai tsaya a ƙananan ba. Ya shiga ciki ya fito da kwalaye biyu masu hoton wani dodo mai jajayen idanu, ya ce 'ya'yan manya yake kawo wa. Da na ɗaga ɗaya na ji nauyinsa a hannuna, wallahi wani daɗi na ji. Ban tuna ekran ba, ban tuna wuta ba, fuskar Sanusi kawai nake gani. Duk girman katin ba ya wuce ekran huɗu, daidai da ɗan biskit ɗin da aka raina, don haka sai na ɗauki biyun.

Daga nan abu ya fara jan abu. Katunan ba su shiga akwatin kwamfutar ba, sai da aka sayi wani babba mai bangon gilashi. Kauri gare su, da na jera su suka manne da juna, na sama yana shaƙar zafin na ƙasa. Kafofinsu ba irin na ekran ɗin Alhaji ba ne, sai da na nemo 'yan mahaɗai, bayan kwamfutar ya koma kamar an juye tukunyar taliya. Sai kuma akwatin wuta, wanda ke raba wa kayan ciki lantarki. Na da ba zai iya ciyar da dodanni biyu ba. Na zaga kasuwa ban samu na kirki ba, sai wani a wurin Abakar da aka rubuta masa babbar lamba a jiki. Na ɗaga na ji shi sakayau kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta ya san akwatin wuta na gaske nauyi gare shi. Ka ji abin takaici, a duk kayan nan wuri ɗaya ne nauyi ke da ma'ana, kuma nan ne na kau da kai. Abakar ya ce, "Mushkila mafi," wato ba matsala. Na kirki sai an aiko daga waje, ranar buɗewa ta matso, ni kuma ba zan koma gaban Alhaji in ce a ɗaga ba. Na lallashi kaina da cewa taswira da kyamara ba za su sa katunan gumi ba, barci za su yi ta yi, akwatin zai ɗauka.

Kuma ya ɗauka. Na haɗa komai a ofishin, na gwada, ekran shida suka kama lafiya lau. Kafin in rufe akwatin Alhaji ya leƙo, na ciro kati ɗaya na miƙa masa. Sai da ya sa wayarsa a aljihu ya karɓa da hannu biyu. Ya jinjina, ya gyaɗa kai, ya ce, "Yauwa, Injiniya." Shekarun da na yi ina durƙusa masa ban taɓa samun yauwa ba. Na dawo gida ina tafiya kamar an naɗa ni, na ce wa Zulai ta ga abin da nake faɗa mata.

Ranar Asabar da hantsi aka yi buɗewar. Zafi ake yi irin wanda ke sa mutum ya ji haushin rigarsa. Babu wutar gari, janareta ke ja, na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Ofishin ya cika da 'yan kasuwa abokan Alhaji, da limamin masallacin unguwa, da wani babban abokin hulɗarsa, Alhaji Mahamat, Balaraben Chadi da ba ya jin Hausa. Alhaji kuma Larabcinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, don haka ni ne tafinta tsakaninsu. Mata suna bayan gini a ƙarƙashin rumfa, Hajiya da 'ya'yanta da ƙawayenta. A tebur ɗin gefe an jera gasasshen nama da manyan jug-jug na karkanji mai ƙanƙara (zoɓo, in ji su Sanusi). Alhaji ya sha farar shadda, babbar riga sabuwa fil mai aiki har ciki, wadda aka ɗinko daga Kano don wannan rana kawai.

Liman ya yi addu'a aka shafa. Alhaji ya dube ni, na danna. Ekran shida suka buɗe a tare, akwatin gilashin ya ɗauki walƙiya, ja, kore, shuɗi, yana juyawa. Liman ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye ni a hankali ko fitilun nan dole ne. Na ce suna cikin aikin. Ga sito a Toukra ana sauke kaya, ga mai gadi a ƙofa yana sosa ƙeya bai san ana ganinsa ba, ga taswira da 'yan ɗigo-ɗigo kowanne mota. Alhaji ya nuna wani ɗigo da ba ya motsi, ya tambaya ko motar wa ce, na faɗa masa. Nan take ya kira direban ya sa a lasifika ya ce yana ina. Direba ya rantse yana kan gada ya kusa shigowa. Ga shi kuwa a fake a tsakiyar Kuseri, kowa na gani. Ofishin ya kaure da dariya. Alhaji Mahamat ya riƙe ciki, ya ce shi ma irin wannan yake so a wurinsa. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce in gaya masa ai surukinsa ne ya haɗa. Na fassara. Ban taɓa jin ya kira ni surukinsa a gaban mutane ba.

Da a nan na nemi kujera na zauna na ci nama, da yanzu wani labarin nake ba ka. Aiki ya samu, har da na biyu a hanya.

Sai Sanusi ya yi gyaran murya. Ya ce ma sha Allahu, abu ya yi, amma shi abin da bai gane ba, wannan ɗigo-ɗigon ai ko talabijin ɗin ɗakin yara zai nuna. Ina ƙarfin da aka ce katunan suna da shi, ko dai kwalin ne kawai babba? Ba wanda ya tanka masa. Alhaji ma ya juya yana magana da liman. Maganar da ta faɗi ƙasa ta mutu, ni na durƙusa na ɗauke ta.

Akwai wata manhajar gwaji da na saka tun ina haɗawa, wadda ke nuna tseren motoci kamar na gaske, aikinta shi ne ta matse katin har iyakar ƙarfinsa. Ban taɓa barinta ta ja katunan biyu a tare ba, kuma na san dalili. Na ce wa Sanusi, "Yaya, matso ka gani." Na danna.

Gaskiya abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Motoci suka taso daga ekran na farko suka ratsa har na shida, ƙura na tashi, rana na walƙiya a jikin gilasansu. Mutane suka ajiye nama suka matso. Fankokin nan shida suka ɗauki kuka kamar jirgi zai tashi. Alhaji ya zo ya sunkuya gaban akwatin yana leƙen yadda suke juyawa. A lokacin ne na ji warin, irin na robar da ta taɓa garwashi. Na san mene ne. Yatsana na kan maɓallin tsayarwa. Amma Sanusi ya yi shiru, bakinsa a ɗan buɗe, karo na farko tun da na san shi, sai na ce bari ya ƙara gani kaɗan.

Ji kake tas, kamar an fasa kwalba. Tartsatsi ya fito ta bayan akwatin, da baƙin hayaƙi, da ɗan harshen wuta da bai fi yatsa ba. Ekran shida suka mutu a tare, wutar ginin gaba ɗaya ta yanke.

Darasin farko da nake ba ɗalibaina duk shekara shi ne, in kayan lantarki ya kama wuta a zare waya, kada a kusantar da ruwa. Nakan rubuta a allo in ja layi biyu a ƙasa. To ni, mai takardar, ban nemi waya ba. Hannuna ya kai kan jug ɗin karkanji mafi kusa, na ɗaga da hannu biyu na watsa da iyakar ƙarfina. Daidai lokacin Alhaji ya miƙe daga sunkuyon ya juyo wajena. Ko ɗigo bai taɓa kwamfutar ba. Duka a ƙirjinsa ya sauka, da ƙanƙarar da komai, abin da ya fantsama kuma ya samu gemun liman. Wutar kuwa ta riga ta mutu da kanta tun da lantarki ya yanke.

 Ana jin ƙanƙara na gangarowa daga aikin rigar tana faɗuwa a tayil. Alhaji ya dubi ƙirjinsa, ya dube ni. Hayaƙi ya sa mutane tari, wani ya buɗe ƙofa, Alhaji ya fita tsakar gida neman iska.

Matan nan sun ji ƙarar, sun taso suna tambayar lafiya, sai ga Alhaji ya fito daga cikin hayaƙi jajir daga wuya har gwiwa. Hajiya ta ɗora hannu a ka ta saki salati. Matar Sanusi ta zube a wurin. Wata daga baya ta ce an harbi Alhaji, maganar ta tsallake katanga, kafin ka ce me mutanen unguwa sun cika ƙofa. Zulai da cikinta ta ture mutane ta iso gaban mahaifinta, ta taɓa rigar, ta kai yatsan hancinta. Sannan ta ɗaga kai ta dubi bayansa, inda nake tsaye a bakin ƙofa. Sai a lokacin na lura jug ɗin na hannuna har yanzu. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi a kan wannan kallon.

Aka yayyafa wa matar Sanusi ruwa, aka ba mutanen unguwa haƙuri, aka kawo wa Alhaji tawul. Yana goge wuyansa, manyan baƙi na kewaye da shi suna jajanta masa, sai ya ce, ba da ɗaga murya ba, "Laifina ne. Jikan mutumin da ya kama hanyar Makka ya tsaya a nan, shi na ce ya ƙarasa min aiki."

Alhaji Mahamat ya ga mutane sun sunkuyar da kai, bai san me aka ce ba. Ya juyo wurin tafintansa. "Gal shunu?" Me ya ce?

Na ce masa Alhaji na gode wa Allah ne da ba wanda ya ji ciwo. Sai Sanusi, da gurgun Larabcinsa na kasuwa, ya ce a'a, ba haka aka ce ba, ya zauna ya gyara min fassarar kalma bayan kalma, har da nuna gabas da hannu don a gane Makka. Ranar dai Larabcin ma sai da ya gyara min.

Ba wanda ya kore ni daga aiki, tun da ba a kai ga ɗaukata ba. Ba a dai sake kirana ba. Alhaji Mahamat ma bai sake tada maganar nasa ofishin ba. A tasi muka dawo Habbena ni da Zulai, tana kallon taga har muka iso. Wasu sun ɗauki abin a waya, kafin in shiga makaranta ran Litinin ɗalibaina sun gani, darasin kada a kusantar da ruwa kuma yanzu wani malamin ke bayarwa.

Abin da ya fi tsaya min a wuya maganar kakana ce. Ni na yi wautar, me ya kawo mutumin da ke kabari? Na je wurin mahaifiyata na ba ta labari, ina jiran ta yi fushi tare da ni. Ta saurara har ƙarshe, ta sa na maimaita mata wurin da na ji wari ban tsayar ba, sannan ta ce, "Shi kakanka ai ya san inda zai tsaya. Kai ne ba ka gaje shi ba." Na tashi na tafi ban sha shayin da ta haɗa min ba.

Zulai ta haihu lafiya, namiji. Alhaji ya aiko da rago, ranar suna ya zo ya zauna can nesa, sanye da riga mai duhu. Muna nan a hayarmu. Ekran shida kuwa suna nan a bangonsa, Sanusi ya sa an haɗa su da tauraron ɗan adam, yanzu ɗaya Ka'aba yake nunawa, sauran labarai da ƙwallo. Direbobi kuma sun koma rantsuwa suna kan gada. Katunan, ɗaya ya ƙone tare da akwatin wutar, ɗayan lafiyarsa ƙalau, Alhaji ya ba wani direba ya kawo min har gida ba tare da saƙo ba. Yana saman kwaba. Na so in sayar, Zulai ta ce a bar shi a nan inda zan riƙa ganinsa.

Na sha zama in yi wa kaina shari'a. Da na jure dariyar mutum biyu a falo, da ban sha ta unguwa guda ba, har da wadda aka fassara. Amma abin haushin, na san ko yau aka mayar da ni kan kafet ɗin nan a durƙushe, ba ni da tabbacin bakina zai buɗe. Shi ya sa na sauya tsarin ba da shawara. Mutane suna zuwa har yanzu, wani zai haɗa ekran uku, wani huɗu, su ce Malam wane kati za mu saya. Da can nakan fara da tambayar ekran nawa ne, wace irin wuta gare ku. Yanzu tambayar farko ita ce, da suruki a maganar? In aka ce babu, mu zauna in zaɓa maka daidai. In aka ce akwai, sai in ce ni Faransanci nake koyarwa.